Da Bakin Yaya Ya Kulle

Litinin, 6 ga Janairu

Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana lafiya, karatu da aikin asibiti suna tafiya daidai. Mu nan lafiya lau. Yara sun koma makaranta, maigidana Kafinta yana nan yana cika mana tsakar gida da garin katako kamar kullum. Ya ce in gaya maka teburin da ka bari da ƙafa uku ya samu ta huɗu, sai dai ba launinsu ɗaya ba.

Shago ya cika da aiki. Wata makaranta ta kawo ɗinkin riguna tamanin, na kai talatin da biyu. Keken ya fara tsallake zare, na kai shi gyara, ya dawo yana tsallakewa cikin ladabi.

Na ga kiranka har sau bakwai, na kuma ga saƙon da ka turo cewa babbar likitar sashenku ta zaɓe ka ka ƙara shekara biyu don ka ƙware a aikin baki da haƙora. Ka yi haƙuri ban ɗauka ba. Bakina ya kulle, Auta, ba na iya magana yanzu. Ka riƙa rubuto min a takarda kana ba direban motar kayan nan da ke zuwa garinku, ya san shagona. Ni ma ta hannunsa zan riƙa aikowa.

Ka riƙa cin abinci a kan lokaci. A hoton da ka turo wuyan rigarka ya yi maka yawa, ni kuwa na san awon da na yanka.

Yayarka

*

Asabar, 18 ga Janairu

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, na gode Allah. A gaishe min da yara da Kafinta, ki ce masa teburin nan da ƙafa uku ya fi shi daidaito.

Na karanta wasiƙarki sau huɗu, kowane karo a layi ɗaya nake tsayawa. "Bakina ya kulle." Na san wannan kulle bakin. Haka kika yi min ina aji biyu, ranar da na gudu daga makaranta na tafi kallon ƙwallo. Kwana uku kina ajiye min kwano a gabana ba ki ce min uffan ba. Wallahi da kin dake ni ya fi min sauƙi.

Ban manta alkawari ba. Na ce shekara biyar zan yi in dawo kusa da ke, ga shi ina zancen ƙarin biyu. Amma ki ji yadda abin ya zo. Babbar likita ta tsayar da ni a bakin ɗakin wanke kayan aiki ta ce, "Marasa lafiya ba sa tsoron hannunka. Ka tsaya in koya maka sauran." Na ce sai na ji daga gida. Ta ce, "Mahaifinka?" Na ce, "Yayata. Ita ta rene ni tun ina shekara shida, da Innarmu ta rasu." Ta ce to in nemi izini, tana jira zuwa ƙarshen Maris.

Izinin nake nema, Yaya. In kin ce a'a, a'a ce, ba zan ja ba. Amma ki faɗa da bakinki. Ko faɗa ne ki ɗauki waya ki yi min, na yi kewar faɗan ma.

Ƙaninki,
Auta

*

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina lafiya, sai mura da ta wuce.

Mako biyar ke nan. Direba ya zo sau biyu, duk zuwan sai na tsaya a bakin motar kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Na ƙarshen ma tausayina ya ji, ya ce, "Ɗan'uwa, na fa biya shagon, ta ɗaga min hannu kawai."

To na fahimta. Shiru ma amsa ce. Na rubuta takardar janyewa, tana cikin aljihun farar rigata, zan miƙa ta kafin wa'adin ya cika. Ba don ina jin haushi ba. Na zauna na yi tunani, wadda ta bar nata karatun ta hau keken ɗinki don in yi nawa ba ta cancanci in sa ta roƙe ni in dawo ba. In na gama a watan Yuli zan tattaro.

Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai. Ban taɓa zaton akwai laifin da zan yi ki hana ni jin muryarki wata biyu ba.

Auta

*

Talata, 4 ga Maris

Likita bokan Turai,

Ni ne Kafinta, mijin Yayarka. Ka san ni da biro ba ma shiri, fensir na sani, shi ma a kan katako. Ka karanta da haƙuri. Muna lafiya ni da yara. Ita ce ba ta da lafiya, kuma ba ta san ina rubuta wannan ba.

Da ta ce maka bakinta ya kulle, kullewa take nufi ta gaske. Tun wajen watan Nuwamba in tana tauna sai ka ji ƙas, ƙas, ta gefen kunnen hagu, kamar tsohon ƙyaure. Muna ma yi mata dariya. Wata safiya ta yi hamma, sai muƙamuƙin ya riƙe. Tun ranar yatsa biyu da ƙyar suke shiga tsakanin haƙoranta. Da ƙaramin cokali take cin abinci, shi ma sai mai ruwa-ruwa, ko burodi da ta jiƙa a shayi. Kai yana mata ciwo, kunne yana mata ciwo. In ta yi doguwar magana sai ta dafe kunci. Ta rame har ta rage rigunanta da kanta don kada a gane.

Na ce mu je asibiti. Ta ce, "Haka Inna ta fara." Na ce, "Ke likita ce?" Ta ce, "Ni na yi jinyarta, na san hanyar. Me za su gaya min da ban sani ba?" Na yi faɗa, na yi lallashi, na turo ƙanwata ta yi mata magana, duk a banza. Yanzu ta sayi sabon littafi tana kwafe awon duk matan da take wa ɗinki da rubutu mai kyau, wai don kada wanda zai karɓi shagon ya sha wahala. Ka ji fa.

Wasiƙarka ta farko ta karanta ta yi kuka. Ta ce, "Ya ɗauka fushi nake." Na ce to ki gaya masa gaskiya mana. Ta ce, "Gara ya ɗauka fushi ne. In ya sani zai watsar da karatu ya taho." Ta biyun ko buɗewa ba ta yi ba, ta tura ta ƙarƙashin murfin keke. Jiya na ɗauko na buɗe, ka yafe min. Sai na ga abin da take gudu shi kake shirin yi.

Ku biyun nan kanku ɗaya ne, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa wuta a cikin riga. Kada ka miƙa takardar nan. Kuma ka yi mata magana, kai kaɗai take jin kunya.

Kafinta

*

Litinin, 17 ga Maris

Yayata,

Sannu. Sannu da jiki. Allah ya ba ki lafiya, ya yafe min.

Motar direba ta lalace a hanya, wasiƙar Kafinta sai jiya ta iso. Kada ki yi masa faɗa, ni ya ceta. Na karanta a tsaye, na zauna a kan matakalar asibiti na rasa inda zan sa kaina. Shekara biyar ina koyon ciwon baki, Yayata ta rubuto min ƙarara cewa bakinta ya kulle, ni kuma na tsaya ina lissafin laifina. Da malamaina sun ji, da sun karɓe farar rigar.

Yanzu ki saurare ni, yau ni ne babba. Ki sa yatsa a gaban kunnenki, ki buɗe baki a hankali. Abin da kika ji yana motsi, nan ne muƙamuƙi ya haɗu da ƙashin kai. A tsakaninsu akwai ɗan guringuntsi kamar matashi. Wani lokaci yakan goce daga wurinsa, shi ne ƙarar da ake ji. In ya goce ya ƙi komawa, sai ya tare hanya baki ya ƙi buɗuwa. Naman da ke wurin kuma in ya gaji yakan jawo ciwon kai da na kunne.

Ki tuna yadda kike aiki. Fil biyar a tsakanin haƙora, ki yanke zare da haƙori almakashi yana gefenki, in aiki ya matsa ki cije baki ki sunkuya a kan keke tun safe har la'asar. Tun ina yaro nake ganin kuncinki yana motsi in kina ɗinki, na ɗauka waƙa kike yi a zuci.

Kuma ba ke kaɗai ba ce, ko kusa. Babbar likita takan ce mana in ka tara manya goma, za ka samu kamar uku da wannan mahaɗar take ba su matsala, wani ƙara kawai, wani ciwo, wani riƙewa. Waɗanda abin ya tsananta musu har su nemi magani ba su kai haka yawa ba, kuma mata sun fi maza. A makon jiya kaɗai na ga mutum tara: direban tasi, malamar makaranta, wata lauya, wani mai gadi da ya shekara yana ɗiga maganin kunne a kunnen da lafiyarsa ƙalau. Yawancinsu da gashi da hutu da motsa wurin suke samun sauƙi.

Ba zan yi miki ƙarya ba, ba a duba mutum ta wasiƙa. Ban ce na san abin da ke damunki ba, na ce abin da Kafinta ya kwatanta ya yi kama da abin da nake gani kullum. Ciwon Inna kuwa sai an duba za a cire shi daga zance, kuma ko da shi ne, Allah ya kiyaye, zuwa da wuri shi ne magani. Na yi waya da Kafinta, ranar Alhamis zai kai ki sashen haƙora na babban asibiti. Kafin nan ki riƙa gasa wurin da tawul da ruwan ɗumi safe da yamma, ki ajiye fil a faranti, in hamma ta zo ki tallafe haɓa.

In Alhamis ta wuce ba ki je ba, zan hau bayan motar kayan nan a kan buhuna in zo in ɗauke ki da kaina, kuma a gaban matan shagonki.

Takardar janyewa na riga na miƙa tun makon jiya. Kada ki sa wannan a rai yanzu.

Ƙaninki mai kunnen ƙashi,
Auta

*

Laraba, 2 ga Afrilu

Auta,

Na gaishe ka. Jiki da sauƙi, kuma wannan karon gaskiya na faɗa.

Na je. Kafinta ya sa rigarsa ta zuwa taro, ya zauna kusa da ni a benci yana karkaɗa ƙafa har na dafe masa gwiwa. A gefena wani dattijo ne ya dafe kuncinsa daidai inda na dafe nawa. Muka kalli juna, ya ce ta cikin haƙora, "Hagu?" Na ce, "Hagu." Ya ce, "Nawa shekara uku." Da ina iya dariya da na yi.

Likitar wata 'yar siririya ce, an ɗinka mata hannun riga a karkace, na daure ban ce komai ba. Ta auna buɗewar bakina da ɗan ma'auni, ta danna nan, ta danna can, ta haska fitila, ta ɗaga harshena, ta shafa wuyana. Ta ce, "Me ya sa kika daɗe haka?" Ban yi niyya ba sai ga hawaye. Na ce mahaifiyata da ciwon baki ta rasu. Ta ajiye fitilar ta ce, "Ba ni labarin nata."

Kai ban taɓa ba ka ba, to ga shi. Wani gyambo ne ya fito wa Inna a gefen harshe ya ƙi warkewa, sannan ƙari ya taso a ƙarƙashin muƙamuƙi. Daga baya bakin ya daina buɗuwa. Wata bakwai ina ba ta ruwa da cokali. In ka dawo daga wasa sai ta juya fuska bango don kada ka gani, ta miƙo hannu ta baya tana shafa kanka. Kai kana tsammani wasa ne, kana ta zagayawa kana neman fuskarta.

Likita ta ce, "To ke ba gyambo, ba ƙari, amma za mu ɗauki hoto mu tabbatar." Kwana tara muka jira. Ban taɓa sanin kwana tara suna da tsawo haka ba, na ɗinka wa wata mata hannun riga biyu na dama. Ranar Asabar ta ɗaga hoton ta nuna min da biro, ta ce ƙashi lafiya, abin da ka faɗa ne. Kafinta ya ce, "Likita, a maimaita, kunnena na dama ba ya ji sosai." Ƙarya yake, so yake ya sake ji.

An ba ni magani, an koya min yadda zan riƙa motsa bakin a gaban madubi, za a kuma yi min wata roba daidai haƙorana da zan riƙa sawa in zan kwanta, don wai ina cizon haƙora a barci. Yatsa biyu da rabi yanzu.

Sai maganarka. Wa ya aike ka? Ni da na kulle bakina wata uku don kada ka baro karatun nan, sai ka je ka miƙa musu takarda? Gobe da safe ka je wurin babbar likitar nan taku, ka durƙusa in ta kama, ka ce Yayarka ta ce ka tsaya. Ba shekara biyu ba, ko huɗu ne. Na ga yawan mutanen da ke kan bencin nan, likita ɗaya ce a kansu.

Yayarka

*

Asabar, 12 ga Afrilu

Yaya,

Alhamdu lillahi. Na karanta layin sakamakon hoton nan a ɗakin hutu na yi ihu, har wani abokin aikina ya zubar da shayi.

Na je wurin babbar likita, wa'adi ya wuce da kwanaki, ina ta haɗa kalmomi a hanya. Ban gama sallama ba ta jawo aljihun tebur ta miƙo min takardata yadda na naɗe ta. Ta ce, "Ba na sa hannu a takardar da aka kawo min da jajayen idanu. Yayar taka ta yarda?" Na ce har da barazana. Ta ce, "Litinin ƙarfe bakwai."

Labarin Inna na gode. Hannun nan na tuna shi, ban taɓa sanin dalili ba.

Kuma tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, nawa muƙamuƙin ma yana ƙara ta dama tun jarrabawar shekara ta uku. Kada ki gaya wa Kafinta.

Auta

*

Juma'a, 9 ga Mayu

Autana,

Gaisuwa mai tarin yawa. Muna lafiya. Na gaya wa Kafinta, ya yi dariya har ya ƙware, ya ce likitan da bai gyara ƙofar gidansa ba.

Yatsa uku sun shiga. Ba wai ya warke ɗungurungum ba, in na yi dogon aiki yakan tuna min yana nan, sai in tashi in ɗora ruwa in gasa. Fil suna faranti. Na ɗaura ƙaramin almakashi a wuya da zare kamar sarƙa, mata suna tambaya ko sabon yayi ne.

Ban yarda da lissafin likitarku haka kawai ba, na ce sai na gwada. Duk wadda ta zo awo, in na gama kafaɗa da ƙugu sai in ce, "Sa yatsa a nan, buɗe baki." Da fari sun ɗauka na taɓu. A cikin mata arba'in da ɗaya, goma sha biyu sun ce nasu yana ƙara ko yana ciwo, kuma kowacce ta ɗauka ita kaɗai ce. Wata ta ce sanyi ne, wata ta cire haƙori lafiyayye a kan haka. Akwai mai sayar da kifi a bakin kasuwa, babbar mace mai murya, da na ce mata abin yana da suna kuma ana dubawa, sai ta zauna a kan buhun ƙyallaye ta rufe fuska da mayafi. Shekara shida tana tsammanin wani mugun abu ne yake cin ta, ko 'ya'yanta ba ta gaya wa ba. Ranar Talata zan raka ta asibiti, na ce mata ni ma ban iya duba mutum da ido ba, sai likita ta gani.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba, har Kafinta. Inna tana da shekara arba'in da uku ta rasu. Ni ma arba'in da uku nake da su da bakin nan ya kulle. Tun ina budurwa nake ganin shekarar nan a gabana kamar bango, ban taɓa shirya komai a bayanta ba.

Jiya na cika arba'in da huɗu. Na farka na zauna a bakin gado na rasa yadda ake yi, don duk abin da na iya na zama mace a wurinta na gani, wannan kuwa ba ta kai ba balle ta nuna min. Sai na ji Kafinta yana faɗa da yara a kan wa ya ɗauki fensirinsa, ga shi a bayan kunnensa. Na tashi na ciro masa, na ɗauki makulli na tafi na buɗe shago.

Ka yi karatu da kyau.

Yayarka